Tanti mara nauyi na mutum biyu: wanne zai jure dutse da ƙura da ƙaya?

ɗan_Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba kwanan daji.

Ni da ƙanena mun daɗe muna yawon hawan dutse. Da Kufena muka soma, da yake ga ta nan kusa da Wusasa, a hau da sassafe a sauko kafin rana ta take. Daga baya muka fara bin hanyar Saminaka zuwa Jos, mu shiga duwatsun Shere mu kwana. Yanzu burinmu, in Allah ya yarda, shi ne Gangirwal, wanda a taswira ake rubuta shi Chappal Waddi, can Taraba a bakin iyakar Kamaru. Mita 2,419 ne tsawonsa, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, kuma a ƙafa ake hawansa.

Matsalar tanti ce. Wanda muke da shi irin na kasuwa ne mai sandunan faiba. Na ɗora shi a kan sikeli, ya haura kilo 4. In ka haɗa shi da ruwa da abinci da bargo, kafin azahar kafaɗa ta ƙage. Ga shi sanda ɗaya ta fara tsagewa, tana sakin wasu ƙananan tsinkaye masu shiga hannu.

Na duba intanet sai kaina ya ƙara ɗaurewa. MSR Hubba Hubba da Big Agnes Copper Spur kowa yabonsu yake, amma kowannensu ya haura dala 400, ba a zo maganar kuɗin kawowa ba tukuna. Abin da na ware bai wuce naira 250,000 ba. Waɗanda nake hangen kuɗina zai kai su uku ne: Naturehike Cloud Up 2, da Naturehike Mongar 2, da Lanshan 2 na kamfanin 3F UL. Zuciyata tana wajen Lanshan ɗin, don kilo ɗaya da 'yan kai ne kawai.

Wanda ya taɓa amfani da irin waɗannan a ƙasar nan ya taimaka. Me lambobin nan na 20D da 3000mm suke nufi? Kuma in na ci karo da na gwanjo mai sunan babban kamfani, in ɗauka ko in wuce?


Tsohon_mai_safiyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, aikin safiyo ya kwanar da ni a tanti shekara da shekaru, daga ƙasar Zazzau har Filato, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kada ka sa rashin nauyi a gaba, mayar da shi na uku ko na huɗu. Masu ƙera tantunan nan ruwan sama da sanyi suke tsoro, kuma galibi a kan ciyawa mai laushi suke kafawa. Mu abin da ke kashe mana tanti daban ne: rana, ƙura, ƙaya, da falalen dutsen da turke ba ya shigarsa.

Fara da maganar tsayuwa. Akwai tantin da sandunansa ke gilma juna su ɗaga shi, ya tsaya da kansa ko ba ka buga turke ko ɗaya ba, har ka ɗauke shi cak ka sauya masa wuri. Mongar da Cloud Up irinsa ne. Lanshan ba haka yake ba. Sandunan dogarawa guda biyu ake kafa masa, sai a ja shi da igiya ta kowace kusurwa, turaku ne ke riƙe da shi gaba ɗaya. Turke ɗaya ya tuge, gefe ɗaya ya faɗi. To ka tuna saman Kufena, ka tuna Shere: ina za ka buga turke shida a kan falalen dutse? Ko jar ƙasarmu ta rani, in ta bushe, turken alminiyom lanƙwashewa yake tun bai shiga rabi ba. Akwai dabara, ba na musu. Ka ɗaura igiyar a jikin ƙaramin dutse, ka danne igiyar da babban dutse a gabansa, zai riƙe. Amma yin haka sau shida ko takwas bayan magariba, a gajiye, iska na kaɗawa, aiki ne ja.

Sannan ka yi lissafin nauyin da kyau. Mongar ya ɗan haura kilo 2, Lanshan ya ɗan haura kilo 1. Ku biyu ne, kuma raba tanti ake yi: ɗaya ya ɗauki rufin sama da turaku, ɗaya ya ɗauki na ciki da sanduna. Bambancin da zai hau bayan kowannenku bai wuce ledar fiya wata ɗaya ba, wato rabin kilo. In kuma ba ku da sandunan dogarawa sai kun saya, su ma biyun suna kusa da rabin kilo. Ka kuma lura, masu sayarwa nauyi biyu suke rubutawa. Ƙaramar lambar ta rufi da sanduna ce kawai, ba turaku, ba igiya, ba jaka. Babbar lambar ita ce za ta hau bayanka, ita za ka duba.

Lambobin da ka tambaya. D ɗin nan kaurin zaren da aka saƙa yadin ne, ana auna shi da nauyin zare mai tsawon mita 9,000: in giram 20 ne, shi ne 20D. Yadda lambar ta ƙanƙanta haka yadin ke rashin kauri da rashin nauyi. A rufin sama 20D ya isa. A ƙasan tanti ne nake da magana, don can ne tsaidau da ƙarangiya da tsakuwa ke aikinsu. Masu tsadar nan da ka lissafa, ƙasansu siriri ne ƙwarai, da gangan aka yi shi haka don a rage nauyi. Duk wanda ka saya, kada ka shimfiɗa shi kai tsaye a ƙasa. Wasu suna zuwa da shimfiɗarsu ta ƙasa. In bai zo da ita ba, ka yanko tamfol mara nauyi, ka rage shi kamar yatsa uku ta kowane gefe yadda ba zai leƙo waje ba. In ya leƙo, ruwan da ke gangarowa daga rufi a kansa zai taru ya shige ƙarƙashinku. Kafin ka shimfiɗa ka bi wurin da takalmi ka share, ka kuma duba ko akwai hanyar gara, don gara na huda ƙasan tanti a dare ɗaya.

Ita kuwa 3000mm gwajin riƙe ruwa ce. Ana ɗaure yadin a ƙasan wani dogon bututu, a yi ta zuba ruwa har ya fara tsattsafowa. Tsawon ruwan a lokacin shi ne lambar. A rufi 1,500 ya wadatar. A ƙasa ka nemi 3,000 ko sama, saboda gwiwarka da gwiwar hannunka suna danna yadin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa su tura ruwa ciki. Amma a gaskiya yawancin yoyon da na gani ta ɗinki yake biyowa, ba ta tsakiyar yadi ba. Juya rufin ka duba ko an bi kowane ɗinki da wani siririn tef an manne.

Sanduna kuwa alminiyom kawai, yawanci za ka ga an rubuta 7001. Faiba in ta gaji tsagewa take, kamar yadda taka ta fara. Alminiyom lanƙwasa yake, ka miƙar da shi ka ci gaba. Ka tabbatar akwai ɗan guntun bututun nan da ake zura wa sanda in ta karye, ka naɗe shi da salatif. Ka san hadarin farkon damina a nan, iska ce ke riga ruwa isowa, kuma daga gabas take tasowa. Ka juya gefen tantin da ya fi gajarta ya kalli gabas, ka ɗaure duk igiyoyin gefe tun sama na garau. Tanti mai tsayuwa da kansa ma in ba a ɗaure shi ba, iska ɗauke shi take ɗungurungum.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba. Tana cin nailan a hankali har ya koɗe, ya koma yagewa da ɗan ja kaɗan. Foliyesta ya fi jure rana, kuma ba ya saki in ya jiƙe yadda nailan ke yi, sai dai ya ɗan fi nauyi. Ko wanne ne, kada ka bar shi a kafe tun safe har la'asar. Ya bushe, a naɗe.

Gwanjo kuwa, hancinka zai gaya maka. Abin hana ruwan da ake shafa wa cikin yadi yana ruɓewa in ya daɗe a naɗe cikin zafi da laima. Buɗe jakar ka sansana. In ka ji wani tsami mai kama da amai, ko cikin rufin yana danƙo a hannu, ko tef ɗin ɗinki yana ɓarewa kamar garin rogo, ajiye musu abinsu ko da sunan wane kamfani ne a jiki. Ni a cikin ukun nan Mongar zan ɗauka.


Bash_Kongo ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa a kan dutse gaskiya ne, amma ku yi min izini in kare ɗaya ɓangaren, don ni irin mai sandar dogarawar nake amfani da shi.

Gangirwal ba Kufena ba ce. Saman can ciyawa ce da ƙasa, turke na shiga lafiya lau. Kuma sandar dogarawa bai kamata a lissafa ta cikin nauyin tanti ba, tunda a hannu take, ba a baya ba. Duk wanda ya gangaro doguwar gangara da kilo 12 a bayansa ya san abin da take yi wa gwiwa. Ko wane tanti zan ɗauka sai na riƙe ta, to me zai sa in ƙara ɗaukar wasu sandunan? Rabin kilon da Baba ya ce, a wuni na farko ba komai ba ne. A wuni na uku kana jinsa.

Sharaɗi ɗaya ne, sai ka koyi kafa shi tun a gida har hannunka ya faɗa. Ka kuma kula wajen oda, don Lanshan 2 daban, Lanshan 2 Pro daban. Shi Pro rufi ɗaya ne, kuma ɗinkinsa sai an bi shi da silikon kafin ya riƙe ruwa. Kada ka fara da shi.

Wani abu da ban ga an taɓo ba shi ne ragar ciki. Turawa suna son ɗakin ciki da aka yi da raga zalla saboda iska. A watan Afrilu kai ma za ka so shi. Amma a hunturu ƙura ta raga take shigowa, ka farka da ita a haƙora da cikin kunne, ga iskar sanyi tana ratsa ku. A Jos cikin Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da digiri 10. Lanshan ana sayar da shi da ɗakin ciki iri biyu, na raga da na yadi, kai ke zaɓa. In tafiyarku ta rani ce, na yadin zan ce ka ɗauka.


Maman_Hanan ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni da maigidana muke fita, kuma abin da zan ƙara ya shafi zaman cikin ne, ba ɗaukarsa ba.

Ƙanena, “mutum biyu” da suke rubutawa nufinsu mutum biyu a kwance kafaɗa na gugar kafaɗa, babu wurin jaka. Faɗin Cloud Up 2 wajen santimita 125 ne ta kai, kuma yana tsukewa ta ƙafa. Hubba Hubba mai tsadar ma 127 ne. Katifar iska ta yau da kullum faɗinta 51, mai faɗin kuwa 64, ka ga masu faɗi biyu ba za su shiga ba ke nan. Kafin ka tura kuɗi, samo alli ka zana tsawo da faɗin tantin a kan siminti, ku kwanta kai da ƙanenka a ciki, ku juya hagu ku juya dama. Nan za ka san gaskiya.

Ƙofa biyu kuma ba ado ba ce. Cloud Up ƙofa ɗaya ce ta wajen kai. Duk wanda zai fita alwalar asuba ko kama ruwa da tsakar dare sai ya tashi ɗan'uwansa. Mai ƙofa biyu kowa da tasa, kowa da 'yar rumfarsa ta ajiye jaka da takalmi da buta. Takalmin ma a zazzage shi da safe kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Kuma duk tantunan nan tsayinsu wajen mita 1 ne, zama kawai ake yi a ciki, salla a waje za ku yi. Ku tafi da dadduma mara nauyi, ko ku yi amfani da tamfol ɗin da Baba ya ce.

Jiƙewar da mutum kan tarar a cikin rufi da safe ba yoyo ba ce, numfashinku ne ya haɗu da sanyin yadi ya koma ruwa. Shi ya sa mai rufi biyu ya fi, ruwan na tsayawa a na sama bai taɓa bargo ba. A buɗe 'yan tagogin sama ko ana sanyi.

Ga 'yan'uwa mata masu karantawa: ɗakin raga in ba a ɗora masa rufin sama ba, komai a fili yake. Ko an ɗora, in kika kunna tocila a ciki da dare inuwarki na fita tar a jikin yadi mai haske. Rufi mai ɗan duhun launi ya fi sutura, kuma a kashe fitila kafin a sauya kaya.

Roƙona na ƙarshe, don Allah kada sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi ko risho cikin tanti. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Maganin sauro na kunnawa ma kada a shiga da shi, nailan narkewa yake nan take. Ragar ta isa ta tare sauro muddin an ja zif har ƙarshe.


ɗan_Samaru ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, mun yi zanen allin jiya da daddare a tsakar gida. A faɗin 125 ba mu sake ba ko kaɗan, don ƙanena ƙato ne, saboda haka Cloud Up ya fita. Saura biyu. Malam Bash, hujjarka ta shige ni, amma a shekara fitarmu ta Shere da duwatsun kusa ta fi yawa nesa ba kusa ba, Gangirwal kuwa tafiya ɗaya ce muke tara mata kuɗi. Baba, ina ganin maganarku zan bi.

Ko akwai wanda ya san yanayin can sama? Tantin da ya yi mana a Jos zai yi a can?


Ɗan_Gembu_a_Zariya ya rubuta:

Ɗan'uwa, ni haifaffen Mambila ne, karatu ya kawo ni Zariya. Zai yi, in kun zo a lokacinsa. Daminarmu ta fi ta nan tsawo sosai, tana farawa da wuri ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba, hanya ta lalace, rafuka su cika. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin hawa.

Dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, ofishinsu na Serti, a kan hanyarku in kun baro Jalingo kun wuce Bali. Can za ku nemi izini a haɗa ku da jami'an gandu. Kada ku ce za ku shiga ku kaɗai. Ku kuma tambayi halin tsaron hanya a makon da za ku taso, ba wata guda kafin nan ba. Duk rugar da kuka yada zango kusa da ita, ku fara zuwa ku gai da arɗo, shi zai nuna muku inda ba burtalin shanu ba ne. Shanu da igiyar tanti ba sa shiri.

Abin da zai ba ku mamaki raɓa ce da hazo. Ko ba a yi ruwa ba, da safe rufin sharkaf za ku same shi, ciki da waje. Nailan in ya sha raɓa saki yake, don haka kafin ku kwanta ku sake ɗame igiyoyin, kada rufin sama ya kwanto ya taɓa na ciki. Da safe ku kakkaɓe shi, ku sa shi a aljihun wajen jaka daban da bargo, in rana ta fito a wurin hutun azahar ku shanya shi na ɗan lokaci. In kun dawo Zariya kada ya kwana a jakarsa da laima. A shanya shi a inuwa ya bushe ƙayau, a ajiye shi a sake cikin tsohuwar rigar filo, ba a but ɗin mota ko saman silin inda zafi ke taruwa ba.

Rani kuma lokacin ƙona ciyawa ne a wajenmu. Kada ku kafa a tsakiyar doguwar busasshiyar ciyawa, ku nemi inda ta riga ta ƙone ko inda dabbobi suka cinye ta ƙasa-ƙasa. Iska a kan tudu tana da ƙarfi da dare, ku ɗan sauko gefen da tudu ya kare ku.

Wajen launi, na yarda da Anti a kan mai ɗan duhu, amma ka guji mai zanen kakin soja. Shingayen bincike suna da yawa tsakanin nan da can, kuma zai jawo maka dogon bayani a kowanne.


Tsohon_mai_safiyo ya rubuta:

Madalla da wannan bayani na ɗan Gembu. Ɗana, in ya iso kada ka bari sai a daji za ka fara buɗe shi. Kafa shi a tsakar gida, ka shiga ka zauna, ƙanenka ya yi ta watsa ruwa da bokiti ta kowane gefe, kai kuma kana bin ɗinki da ido. Ka sake kafa shi da dare da tocila kawai.

Zif ne zai fara ba ka matsala, ƙurar hunturu ke cinye kansa har ya riƙa wucewa haƙoran na buɗewa a bayansa. Tsohon buroshin haƙori ka riƙa bin sa da shi bayan kowace fita. Kada ka sa masa man shafawa, ƙura yake kamawa. In ya fara buɗewa, ka ɗan matse kan da filaya a hankali, sau da yawa shi ke nan ya gyaru.

Turakun da ke zuwa da shi ka ƙara musu manyan ƙusoshi guda huɗu, irin na inci 6, don busasshiyar ƙasa. Tamfol ɗin ƙasa kuma ka kai wa masu ɗinkin rumfar Keke Napep tare da awon, su yanke su kalmashe bakin, su sa maka madauki a kusurwa huɗu.